Zuwa ga Yaya a Argungu, kan maganar ɗakin Inna

Assalamu alaikum Yaya. Ina fata kuna lafiya. Ya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, sanyi ne dai ya shigo nan Ingila, ƙarfe huɗu na yamma gari ya yi duhu, amma an saba.

Labari ya iso ni cewa magini ya kai ɗakin Inna har linta, ƙofar kuwa tana kallon titi, ita ba ta gani ba sai da aka gama. Wai Kawu ne ya ce haka take so. Yaya, wa ya tambaye ta? Inna da ba ta son ko almajiri ya hango tabarmarta? Yanzu sai an fasa, bulo da siminti sun tafi a banza.

Ka yi haƙuri in kawo maganar aikina. Da can mai kamfani yakan rubuta abin da yake so a takarda, a miƙa wa masu rubuta manhaja, su ɓace wata da watanni, su dawo ya ce ba haka yake nufi ba. A 2001 wasu mutum 17 suka zauna a jihar Yuta ta Amurka suka fito da tsarin da ake kira ajail. Cikin ƙa'idojinsa 12 akwai wadda ta ce masu harkar da masu rubuta manhajar su riƙa aiki tare kullum har a gama. Haka muke yi a kamfaninmu na jigilar kaya. Kowace safiya mu tsaya minti 15 kowa ya faɗi inda ya kwana, duk mako biyu kuma mu nuna abin da muka gina. Matar da ke kula da direbobi da mu take zama. Kwanan baya ta duba waya sau ɗaya ta ce direba mai safar hannu ba zai iya danna wannan ɗan maballin ba. Mu da muke ɗaki mai ɗumi ina za mu sani? A yini muka gyara. Surutun yana da yawa, wani lokaci har kaina ya yi ciwo, amma ni suka ba jagorancin zaman yanzu, ka faɗa wa Inna.

To, kuɗin ginin ba zan ƙara turowa a dunƙule ba. Duk mako biyu ka kai Inna wurin, ta tsaya da magini baki da baki, ta nuna inda take son taga da makewayi, ka ɗauko min bidiyo ta WhatsApp, sannan in tura na gaba. Ba ta bakin Kawu ba. Kar kuma ka ce masa ni na faɗa, girmansa yana nan.

Na san kai ke shan rana, ni ina nan ina ba da umarni ta waya. Abin yana damuna, wallahi.

Na sa wani abu a asusunka jiya. Rabi na maganin Inna ne, sauran kuɗin makarantar Auta a Aliero. Kar a taɓa shi don gini, ko Kawu ya ce rance ne. Ka biya da hannunka, ka turo min rasit, don na ji Auta ya fara yawon Birnin Kebbi ranar karatu.

Shinkafar fadama ta yi kuwa bana? A gaida Anti da yara. Ranar Juma'a ka kai Inna wurin ginin, zan kira bayan an sauko masallaci.

Ƙaninka.