Jikin muna iya jinyarsa, tsoron ne ya gagare mu

Assalamu alaikum Hajiya, barka da ƙoƙari. Mu ma'aikatan jinya ne, kuma shawara muke nema kan marasa lafiyar da suka fito daga ƙungiyoyin addini masu ɗaure mabiyi tamau, inda shugaba ke yanke wa mutum abin da zai ci, wanda zai aura, har da wanda zai gaisa da shi. Akwai su a cikin Musulmi, akwai su a cikin Kirista.

A jiki alamun sukan zo iri ɗaya: rama, rashin barci, bugun zuciya, ciwon kai da ciwon ciki. Mai ciwon suga ko hawan jini yakan zo a galabaice, don an ce masa shan magani raunin imani ne. Wanda aka sa shi doguwar yunwa da sunan azumi ya fi kowa haɗari. Duniya ta ga ƙarshen wannan a dajin Shakahola na Kenya a 2023, inda aka tono gawa sama da 400. In mutum ya haura kwana 5 bai ci abin kirki ba, ba a ɗura masa tuwo. Abinci mai yawa lokaci guda yana sa gishirin jini irin su fosfet da fotasiyam su faɗi, zuciya ta rikice. Sai a fara ba shi bitamin B1, sannan kunu kaɗan-kaɗan, ana auna jini a kwanakin farko. 'Yan uwa, don tausayi, sukan yi kuskuren ɗura masa abinci da yawa.

Wannan duk mun san kansa. Abin da ya gagare mu shi ne tsoro. Za ki ga mace ta sake alwala sau goma har fatar hannunta ta tsage, wani kuma ya farka a firgice yana cewa tsinuwar shugaba ta kama shi. Ki tambaye shi shayi zai sha ko kunu, sai ya yi zuru, don ya shekara da shekaru ba a bar shi ya zaɓi komai ba. Ga kaɗaici, tun da abokai da sana'a duk a can ya baro su. Sai kuma dangi su taru a kansa da gori: ai mun gaya maka! Daga nan wasu sukan koma, don can ne kaɗai ba a yi musu dariya.

Hajiya, wane irin lafazi za mu yi wa iyaye su daina gori, ba tare da sun ga mun raina su ba? Kuma da wa ya kamata a fara haɗa mutum, likitan ƙwaƙwalwa ko malami mai sauƙin hali, alhali da yawansu da jin kalmar wa'azi jikinsu ke ɗaukar rawa?

Naki,
Ma'aikatan jinya biyu, daga Zariya