A Ɗaure Katako Kafin A Kunna Injin Sassaƙa

Malam Edita,

Ina roƙon fili in ja hankalin matasan Zariya masu sayen ƙananan injinan sassaƙa na CNC, wato waɗanda kwamfuta ke sarrafawa. Bakin wasu injinan yana juyawa har sau 24,000 a minti ɗaya, saboda haka katakon da bai ɗauru ba yana iya zamewa, ya karya bakin ko ya raunata mai aiki. Ni kaina na yi asarar madaci mai tsada domin gefe ɗaya kawai na matse. Yanzu ina shimfiɗa allon MDF (allon da ake yi da garin katako da gam) a ƙasa, in kafe katakon da ƙusoshi masu barima nesa da layin yanka, in kuma bar ƙananan mahaɗai a zanen domin guntun da ake yankewa ya tsaya har aiki ya ƙare.

Naka,
Wani kafinta,
Sabon Gari, Zariya