Masuncin da ya soka kan bijimi a ƙugiya

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ni ɗan masunta ne, a bakin Matan Fada na tashi, kuma na shekara talatin ina koyarwa kafin in yi ritaya. Kwanan baya jikana ya ce in taya shi duba aikin makaranta, sai muka ci karo da tatsuniyar mutanen Norwe da Aislan ta zamanin jahiliyyarsu.

Wai abin bautarsu Tor, mai guduma, ya shiga kwalekwalen wani ƙato, Himir, ya tsinke kan bijimin mutumin ya soka a ƙugiya. Abin da ya kama ba giwan ruwa ba ne, macijin da ya kewaye duniya ne har ya ciji wutsiyarsa. Ya ja, ya ja, har ƙafafunsa suka ɓula ƙasan jirgi. Da Himir ya ga idon dodon sai hantarsa ta kaɗa, ya datse igiya. Na yi dariya har da ƙwalla, don na san irin Himir a Argungu, masu cika baki a tudu.

Shirka ce tsagwaronta, Allah Ya tsare mu. Amma wanda ya rubuta ta wajen 1220, Snorri Sturluson, Kirista ne. Gudun kada ta ɓace ya sa. Mu fa? Labaran 'yan ruwa da kakata ke ba mu bayan isha'i, rabinsu sun bi ta kabari. Don Allah ku ware mana rabin shafi ranar Juma'a. Ina da guda bakwai a rubuce.

Naku,
Tsohon malamin firamare, Argungu