Amsa ga Mai Tambaya: Dalilin da Ya Sa Nake Kukan Kangon Meroe

Assalamu alaikum Malam,

A shirin rediyon da aka gayyace ni ka bugo waya ka tambaye ni a kunnen jama'a: tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan cikin Afrilun 2023 mutane ke mutuwa da yunwa da harsashi, ni kuwa na tsaya kukan kangon wata fada da ɗakunan gumaka a Meroe. Ka ce, shin dutse ya fi rai ne? Kuma me ya haɗa Musulmi da wurin bautar gunkin Amun? Lokaci ya ƙure ban ba ka amsa ba, shi ya sa na rubuto.

Dutse bai fi rai ba. In buhun dawa ɗaya ya rage, a kai shi sansanin 'yan gudun hijira, ba ni da ja. Sai dai ba a taɓa cire loma daga bakin wani an ba Meroe ba, kuma lalacewar wurin ta girmi wannan yaƙi nesa ba kusa ba.

Garin yana gabashin Kogin Nilu, kimanin kilomita 200 arewa maso gabas da Khartum, kusa da Shandi. Mutanen yankin suna kiran wurin Bajrawiyya. Nan ce fadar daular Kush ta ƙarshe, har zuwa wajen shekara ta 350 Miladiyya, lokacin da ƙarfinta ya ƙare, daular Aksum ta Habasha ta taso. Kowa ya san dalolin kaburburan sarakunan, su ake ɗauka a hoto. Amma ainihin garin, inda aka yi mulki aka yi kasuwa, yana can bakin kogi, 'yan kilomitoci daga dalolin, kuma shi ne maraya. A ƙofar babban ɗakin bautar Amun akwai raguna na dutse a durƙushe, iska da rairayi sun shafe fuskokinsu. Bayansu ganuwar fada ce, itatuwan ƙaya sun tsiro a tsakar ɗakuna, saiwoyinsu na ɗaga tubali ɗaya bayan ɗaya. Ga tsibin kashin ƙarfe da maƙeran garin suka tara shekaru aru-aru, wanda aka ratsa da layin dogo a zamanin Turawa kamar ba komai ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kwarmin wankan da ake danganta wa sarakunan. An jera kawunan zakuna da bijimai a bakinsa, kuma har yanzu akwai ragowar fenti a jikin shafen bangon. A Satumban 2020, da Nilu ya yi cikar da aka daɗe ba a ga irinta ba, ruwa ya taso har wurin. Buhunan yashi da injin zuƙar ruwa kawai ma'aikata suka samu suka tare shi. A lokacin, shekara tara ke nan tun da UNESCO ta sa Meroe, tare da kangayen Naga da Musawwarat, cikin wuraren tarihi na duniya a 2011. Suna ya samu, katangar tare ambaliya ba ta samu ba.

Game da gumaka kuwa, Malam, babu wanda ya yi wa Amun sujada a wurin nan tun ƙarnoni da dama. Musulmi sun daɗe zaune a gefen kangon, suna noma suna kiwo suna salla. Wanda ya yi wa wurin ɓarna mafi muni baƙo ne: Giuseppe Ferlini, likitan soja ɗan Italiya, wanda a 1834 ya bi daloli yana rushe su daga sama don neman zinariya. Ya samu ta Sarauniya Amanishakheto, yau tana gidajen tarihi a Munich da Berlin. A 1910 kuma masu tono ƙarƙashin John Garstang suka haƙo kan tagulla na Augustus, sarkin Rum. Mayaƙan Kush ne suka ciro shi daga Masar, suka binne a ƙarƙashin matakalar wani ɗakin bauta don duk mai shiga ya taka. Yanzu yana Landan. Ka ga mutanen da suka tsaya wa Rum a ƙarƙashin jagorancin mace har aka yi sulhu da su. Sun yi rubutunsu na kansu, wanda tun 1911 aka gano yadda ake furta haruffansa amma har yau ba a gama gane harshen ba. Duk bangon da ya zube da rubutu a jikinsa, wata dama ce ta fahimtar harshen ta tafi. Allah ma ya umarce mu da mu yi tafiya a bayan ƙasa mu ga yadda ƙarshen na farko ya kasance. In an bar wurin ya shafe, me za a gani?

Yaƙi ya ƙara dagula lamarin. An wawashe gidan tarihi na ƙasa da ke Khartum, masu bincike na waje sun janye, baƙi sun ɗauke ƙafa, su kuma mazauna Bajrawiyya da ke samun na cefane daga gadi da jan raƙuma da aikin tono sun rasa. Kukan kangon nan har da nasu a ciki.

Abin da nake roƙo bai kai kuɗin motar yaƙi ɗaya ba. A biya masu gadi albashinsu, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A sare itatuwan da ke tsaga gini, a kwashe rairayi, a ɗauki hoton kowane rubutu kafin damina ta gaba. Duk kuma wanda aka kawo wa wani tsohon kaya daga Sudan a kasuwa ko ta intanet, ya ƙi saya, ya sanar da hukuma.

Allah ya kawo wa Sudan zaman lafiya. Na gode da tambayarka.

Wassalam,
ɗan'uwanka.