Zuwa ga mai sunan Baba, kan bidiyon nan na titin jirgin sama

Assalamu alaikum mai sunan Baba. Ya aiki, ya sanyin wurinku. Mu nan Maradi lafiya lau sai hazo da ya rufe gari tun shekaranjiya, da safe in ka tsaya ƙofar gida ko hasumiyar masallacinmu da ƙyar kake hangowa. Tarin innarka ya ɗan taso amma da sauƙi, tana shan magani. Daren jiya sau uku ina kiranka ba ka ɗauka ba, ƙanwarka ta ce in yi maka vokal, na ce a'a, in na fara maganar nan da baki muryata rawa za ta yi kuma ba na so innarka ta ji daga ɗaki. Shi ya sa na zauna na rubuta, ka karanta har ƙarshe ko da ranka ya ɓaci a tsakiya.

Na ga bidiyon. Kar ka yi wa yarinyar nan faɗa, ba ƙararka ta kawo ba, innarka take nuna wa don murna ni kuma ina gefe ina alwala na leƙa. Kana durƙushe bakin titin jirgi cikin dare, kun ɗaga murfin ramin nan da taransifo yake ciki, tocila a goshinka, abokinka da ke ɗauka yana dariya yana ce maka injiniya, bayanka kuma fitilu farare sun jeru har inda ido ya ƙare, duka a kunne. Innarka kyan wurin ta gani, sai ma sha Allah take yi. Ni hannunka na kalla. Hannu tsirara, ba safa, ka zura shi cikin rami kana jan kabul, fitilu kuma na ci. Na karɓi wayar na sake kallo ya fi sau goma ko zan ga alamar layin da kake taɓawa a kashe yake, ban gani ba, tun daga lokacin kuma barci bai ɗauke ni yadda ya kamata ba.

Ka san ba jahilin abin nan ba ne ni. Shekara talatin da wani abu ina jan waya a gidajen mutane daga unguwar Zariya har Bagalam har ƙauyukan hanyar Madarunfa, kuma kai da kanka ka zaunar da ni da babbar salla ƙarƙashin dogon yaro ka zana mini aikinku a ƙasa da tsinke, ban manta ko ɗaya ba, littafanka na lakkwal da ka bari cikin akwati ma na bi su a hankali iya faransancina. Ka nuna mini farare na gefen titi, tsakanin kowace da 'yar uwarta bai wuce mita 60 ba, a mita 600 na ƙarshe su koma rawaya don matuƙi ya san titi ya kusa ƙarewa. Koraye a bakin shiga, jajaye a ƙarshe. Na tsakiya da anka binne cikin kwalta taya na bi ta kansu, farare ne har sai saura mita 900 sannan su fara ja da fari, a mita 300 na ƙarshe su zama ja zalla. Shuɗɗan nan kuma na hanyar da jirgi ke bi a hankali zuwa wurin tsayawa, su na gani da idona ta taga daren da munka sauka Jidda ni da innarka, a lokacin ban san ma'anarsu ba, kyau kawai sunka yi mini, ashe ɗana ne zai zo ya fassara mini su.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce PAPI, fitilu huɗun nan da ke jere gefen hagu na titi. Ka ce kowace an ɗan karkata ta daban da ta kusa da ita, in jirgi na gangarowa daidai bisa digiri 3 matuƙi zai ga biyu fari biyu ja, in ya yi sama da yawa duka huɗu su yi fari, in ya yi ƙasa duka su yi ja. Ba magana ba rediyo, haske kawai ke gaya wa mutum yana bisa hanya ko ya kauce. Da kuma layin nan na mita 900 kafin a kai titi, mai sanduna a gicciye, wanda ka ce wani Bature ɗan Ingila Calvert ya tsara bayan yaƙin duniya na biyu don matuƙi ya gane ko fukafukinsa a daidaice suke ranar da hazo ya ɓoye masa ƙasa da sama. Ranar nan da ka gama bayani na shiga ɗaki na yi raka'a biyu na godiya, ban gaya maka ba. Irin hazon da muke ciki yau, mutane ɗari da wani abu a sama ba su ganin komi sai fitilun da hannunka ya goge ya daidaita, wallahi aiki ne na lada, ban taɓa raina shi ba.

To amma a zaman nan dai ka gaya mini abin da ke ƙarƙashin ƙasa, kuma shi ne ya hana ni barci. Kuran na gida da na yi rayuwata ciki bolt 220 ne, kowane ampul da reshensa, ka sauke disjonkter ka gwada da testa ka yi aikinka. Naku ba haka yake ba. Naku kabul ɗaya ne ya zagaye titi duka kamar tasbaha, kowace fitila da ɗan taransifonta a rataye jikinsa, regilater kuma can cikin ɗaki aikinsa guda ne, ya riƙe amper 6.6 ko ana ha maza ha mata. Bai san mutum ba. In ka zare haɗi ɗaya layi na ci, shi gani zai yi hanya ta toshe sai ya yi ta tura bolt sama don kuran ya wuce ko ta ina, kuma in hannunka ne a tsakanin bakin nan biyu to kai ne hanyar. Na yi lissafin da kaina bayan kwalin sukari, regilater mai kilowat 30 in ka raba da 6.6 ya haura bolt 4,500, ba banza anka yi wa kabul ɗinku rigar da ke ɗaukar 5,000 ba. Abin kariyar da muke sa wa a gidaje a miliamper 30 yake yankewa don an san abin da ya wuce haka yana iya tsayar da zuciya, naku ya ninka wannan sau 220. Ka sake karanta layin nan.

Na san abin da za ka ce, don na san bakinka. Za ka ce Baba regilater na da kariya, in layi ya buɗe yana mutuwa da kansa cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu. Daƙiƙa biyu! Kawunka ko ɗaya bai samu ba. Ina ƙasan tsani ina riƙe masa, na juya in ɗauko filaya ne kawai. Kana da shekara shida, abin da ka sani shi ne an kai ku gidan Hajiya kun kwana uku, ni na san abin da na ɗauka a kafaɗata zuwa bakin hanya ina neman mota, kuma na san ƙaurin da ya zauna mini a hanci har yau in waya ta ƙone a gidan mutane sai na fita waje na tsaya. Shi ma gwani ne, ya fi ni hannu nesa ba kusa ba, shi ma cewa ya yi minti ɗaya ne ba sai an je an kashe ba. Kwanansa ya ƙare, na yarda, Allah ya jiƙansa, amma Annabi sallallahu alaihi wasallam cewa ya yi a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali, mu ranar nan ba mu ɗaure ba.

Za ka kuma ce layin da kake taɓawa a kashe yake, ɗayan ne ke ci. Wataƙila gaskiya ne. Ai kai ka gaya mini layi biyu ake sarƙawa, fitila ɗaya ta wannan ta gaba ta wancan, don in ɗaya ya mutu titi kar ya yi duhu. To su biyun ba rami ɗaya suke bi ba wani lokaci? Baƙaƙe ne duka, kauri ɗaya, cikin dare da tocila a goshi da ƙura a ido, da wace shaida ka rantse wanga ne matacce? Kuma ko a kashe yake, wa ya kashe, daga ina? In daga hasumiyar masu ba jirage izinin sauka anka kashe, mutumin da ke can sama bai ganin ka, jirgi ya kira shi ya ce a ƙara haske, ko an canza ma'aikaci wanda ya zo bai san kana rami ba, yatsa ɗaya zai sa. Ba mugunta ba ce, aikinsa ke nan.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne dariyar. Kana dariya mai sunan Baba, kana ɗaga wa kamara yatsa. Don a sa a status a ce maka jarumi? Su waye za su ce? Waɗanda za su kalla su wuce, in wani abu ya faru su rubuta Allah ya jiƙan rai su ci gaba da shan shayinsu? Ni ban sayar da gonar Tibiri don wannan ba. 'Yan uwana sun yi wata takwas ba su gaishe ni ba a kan gonar nan, ka sani, innarka ta fitar da 'yan kunnenta na aure ba ta ce uffan ba. Lokacin da ka nace sai ka bi abokanka Agadas ka wuce arewa na hana ka, ka yi wata biyu ba ka cin abinci da ni, ka ce na tsane ka. Na ɗauka, na haɗiye, don na ce gara ka yi fushi da ni kana raye. Na tura ka Yamai karatu don ka samu aikin da ke da doka da tsari, wanda ba a hawa tsani da silifa kamar yadda munka yi, yanzu in ga ka kai irin gangancinmu na da can inda kuran ya ninka namu sau ashirin? Haba. Ko laifina ne, wataƙila kana yaro ka sha ganina ina murɗa waya da hannu kuran na ciki ina cewa na saba, in haka ne to ka ji daga bakina yau, kuskure na yi, sa'a ce ta raka ni ba gwaninta ba.

Kuma ka duba, waɗanda sunka tsara fitilun nan sun riga sun yi lissafin mutuwar fitila. Don haka anka sa wa kowace taransifonta, ɗaya ta ƙone sauran su ci gaba da ci. Don haka anka yi layi biyu, anka aje gurup, wato janareta, da zai karɓa cikin daƙiƙa 15 in kuran na gari ya ɗauke, har ƙafafun fitilun an yi su masu saurin karyewa don in jirgi ya taka su su ne za su karye. A littafinka na gani, dokar OACI, hukumar jiragen sama ta duniya, ga titi irin na mataki na ɗaya kashi 85 cikin 100 ake so su kasance suna ci, matuƙar biyu maƙwabta ba su mutu tare ba. Ke nan ampul ɗaya da ya mutu yana iya jiran jirgi ya sauka, a kashe layi, a gyara cikin natsuwa. In kuwa lalacewar ta kai ta hana sauka, akwai hanyar sanarwa, akwai manyan da ake biya don su yanke wannan hukunci. In shef ɗinka ne ke matsa maka yana cewa jirgi na tafe yi sauri, ka ce masa cikin ladabi ya ba ka izinin yanke layi, ko ya rubuta umarninsa ya sa hannu. Ba zai rubuta ba. In a kan haka za su kore ka, ka dawo, ɗakinka na nan, tuwo bai gagare mu ba.

Abin da nake so kaɗan ne kuma duk ka san shi, an koya maka. Ka je ɗakin regilater da ƙafarka, ka maida shi hannu yadda ba a iya kunna shi daga hasumiya, ka yanke, ka sa kwaɗonka, makulli cikin aljihun wandonka ba na wani ba ko da amininka ne. Ka gwada layin, ka sa masa waya zuwa ƙasa, ka sa safar hannu ko da zafi ya kai yaya, rediyo a kunne, kuma kar ka shiga rami kai kaɗai. Abokin nan naka ya aje waya ya riƙe maka tocila.

Na yi maka zafi, na sani, ka yi haƙuri. Kai ne babba, ban iya kiran sunanka ba ma balle in zauna in gaya maka yadda kake a raina, ba a yi mu haka ba. Kuɗin da ka aiko sun iso, Allah ya yi maka albarka, an biya na makarantar ƙaninka an sayi buhun hatsi, amma innarka muryarka take tambaya, kwana goma sha biyu ke nan tana ƙirgawa. Ban gaya mata abin da na gani cikin bidiyon ba kuma ba zan gaya mata ba, kai ma kar ka ɗauko zancen.

Ta ba direban nan na unguwarmu ƙullin kilishi da dakuwa, ranar Laraba zai iso tasha, na sa masa kwaɗo sabo ɗaya a ciki mai makulli biyu, ɗayan makullin yana wurina. Ran Juma'a bayan an sauko masallaci ka kira, ka fara gaisawa da ita tukuna sannan ta miƙo mini. Kuma ka cire bidiyon nan, ƙaninka ya kalla har ya fara cewa shi ma aikin da zai yi ke nan.

Babanka