Barka da Sallah daga Kolombus, ga kuma Oklahoma na jiranmu ranar Asabar

Kolombus, Amurka
Litinin, 12 ga Satumba 2016

Assalamu alaikum Baba, Umma, Yaya, Auta da duk mutanen gida,

Barkanmu da Sallah, Allah ya maimaita mana, ya karɓi layyarmu, ya dawo mana da alhazai gida lafiya. Baba Allah ya ƙara girma da nisan kwana. Umma ya ƙafar taku, da fatan ana shan maganin a kan lokaci ba a tsallakewa saboda hidimar nama. Yaya na ga hoton ragon da ka turo, masha Allah ya yi kyau ƙwarai, kuma na san da wannan tsadar ta bana da dala ta haura naira 400 a kasuwar bayan fage ba ƙaramin ciniki ka sha ba kafin ka kamo shi, Allah ya saka da alheri.

Mu nan mun yi idi da safe, jama'a ta taru sosai, yawanci 'yan Somaliya ne don sun yi yawa a garin nan, sai 'yan Gana da Senegal da mu 'yan tsiraru. Ba hutu ake bayarwa ba, ana sallamewa wasu suka wuce wurin aiki da manyan kayansu a jiki. Layya kuma a wata gona bayan gari muka haɗa kuɗi aka yanka mana, sai gobe za mu raba.

To Auta, ka dame ni a WhatsApp wai mene ne wannan ƙwallon da nake ta sa hotunansa, mutane da hular kwano suna ture juna, yau da na samu zama bari in yi maka bayani don satin nan ba wata magana a garin sai ita, har a filin idi bayan huɗuba ita samari suke yi. Ƙwallon ƙafa na Amurka ke nan. 'Yan makaranta ne fa, ɗaliban jami'ar Ohio State ta nan garin, ba albashi ake biyansu ba sai dai karatu da abinci da wurin kwana kyauta, amma filinsu na cin mutum sama da dubu 100 kuma cika yake yi maƙil. Mutum 11 ne kowane ɓangare, a ba ku dama huɗu ku ci yadi 10, ko da gudu da ƙwallon a hannu ko da jifa, in kun ci a sake ba ku huɗu, in kun kai ta ƙarshen fili maki 6 ke nan, shi ake ce wa tacdawun, in kuma kun buga ta da ƙafa ta wuce tsakanin sanduna maki 3. Iyakarta ke nan a taƙaice, sauran sai kana kallo za ka gane.

Ranar Asabar 17 ga wata mu 'yan Ohio State za mu je garin Norman mu kara da jami'ar Oklahoma a gidansu. A jerin da 'yan jarida suka fitar jiya mu ne na 3 a ƙasar, su na 14, kuma saboda wannan lambar mutane da yawa a nan sun riga sun fara murna, ni kam wallahi gabana faɗuwa yake yi. Su ne fa aka sa na 3 kafin a fara kakar, bara ma suna cikin ƙungiyoyi huɗun da suka kai zagayen ƙarshe, Clemson ce ta fitar da su 37 da 17. Abin da ya jefo su ƙasa shi ne wasan farko, ranar 3 ga wata Houston ta doke su 33 da 23. Kuma tsarin nan ba tausayi, wasa 12 kacal ake yi, wani kwamiti ya zauna ya zaɓi huɗu, kuma tun da aka fara wannan tsarin a 2014 ba a taɓa ɗaukar wanda ya faɗi sau biyu ba. Ka ga ke nan in muka ci su shekararsu ta mutu tun a Satumba. Kamar ɗan dambe ne da aka kayar a garin wasu ya dawo gida ana kiɗa masa kalangu a gaban dangi, irin wannan ba a shiga masa da raini.

Na sake kallon wasan nasu da Houston jiya da dare, a nutse. Mai jifansu Baker Mayfield yaro ne mai zuciya, ba dogo ba ne can, ya fara ne a Texas Tech ba tare da an ba shi tallafin karatu ba ya ƙwaci wuri da ƙarfinsa, daga baya ya koma Oklahoma. Halinsa shi ne in an rufe masa hanya ba ya yarda wasa ya mutu, sai ya yi ta zillewa hagu da dama yana jiran wani ya ɓalle, wani lokacin abin ya ba da mamaki wani lokacin kuma ya riƙe ƙwallo har a zo a danne shi, kuma Houston sun danne shi ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Amma ni ba shi ne ya fi tsorata ni ba, masu gudun nan biyu ne, Samaje Perine da Joe Mixon. Perine gajere ne kakkaura, a 2014 yana ɗan aji ɗaya ya yi gudun yadi 427 a wasa guda da Kansas, har yau ba wanda ya kamo wannan a babban rukuni. Mixon kuma ga tsawo ga sauri ga iya cafe jifa. Abin mamaki a wasan Houston ba a ba su ƙwallo sosai ba, gudun ƙungiyar gaba ɗaya bai kai yadi 100 ba, kuma kocinsu Bob Stoops da ke wurin tun 1999 har ya ci kofin ƙasa a 2000 ba mutumin da zai bari a maimaita haka ba ne. Ina sa ran daga busa usur za su yi ta tura mana waɗannan biyun ta bayan wani ƙato Orlando Brown da ke tsare gefen hagu, su gwada ko yaranmu na da ƙashi.

Inda suke da rauni a bayansu ne. Mai jifan Houston, Greg Ward, ya jefa sama da yadi 300 a kansu, yawanci ta gefe inda masu tsaronsu ke barin mutum ya wuce su. Sannan akwai sakaci, sun gwada bugun ƙafa daga nesa ƙwallon ba ta kai ba, wani Brandon Wilson na Houston ya cafe ta a can ƙarshen filinsu ya zuba da gudu tun daga wannan ƙarshen har wancan ba wanda ya taɓa shi, daga nan wasan ya juye. Kuma kocin Houston ɗin, Tom Herman, shi ne ke tsara mana hari a shekarar da muka ci kofin ƙasa muka doke Oregon 42 da 20 a Janairun 2015, to salon da ya ba su wahala ɗan gidanmu ne.

Akwai ɗan Najeriya ma a cikinsu, Ogbonnia Okoronkwo mai lamba 31, iyayensa 'yan gida ne shi kuma a Houston ya tashi, aikinsa farautar mai jifa kuma ya iya. Ina yi masa fatan alheri a rayuwa da dukkan zuciyata amma ranar Asabar Allah ya sa a tare shi.

Mu kuma matsalarmu yarinta. Bayan kakar bara ƙungiyoyin NFL, wato gasar ƙwararru, sun kwashe mana mutum 12, biyar daga ciki a zagayen farko, har da Ezekiel Elliott da Joey Bosa, cikin waɗanda ke fara wasa bara shida kawai suka rage. A layin gaba ma akwai yaron da bana ya shigo jami'a, sunansa Michael Jordan, ba na ƙwallon kwando ba. E mun ci Bowling Green 77 da 10, mai jifanmu J.T. Barrett shi kaɗai yana da hannu a tacdawun 7, mun kuma ci Tulsa 48 da 3 shekaranjiya cikin ruwan sama, amma duk a gida ne kuma ba sa'o'inmu ba ne. A wasan Tulsa ma kafin hutun rabin lokaci 'yan gabanmu sun kasa kai ƙwallo ƙarshen fili ko sau ɗaya, 'yan baya ne suka cece mu, Malik Hooker da Marshon Lattimore kowanne ya sace jifa ya ruga da ita ya ci. In muka yi irin wannan nawar a Norman da dare a gaban mutum sama da dubu 80 suna ihu har ba ka jin na kusa da kai, kafin mu farka an yi mana nisa.

Duk da haka ni ina ganin za mu ci, kuma dalilina biyu ne. Har yanzu ba ƙungiyar da 'yan gabanta suka ci 'yan bayanmu tacdawun a bana, wanda Bowling Green suka samu ma jifan Barrett suka sace. Mayfield kuma mai son kasada ne, in aka tare Perine da Mixon a damar farko da ta biyu dole ya jefa mai nisa, a can kuwa Hooker na jira. Na biyun shi ne kocinmu Urban Meyer, tun da ya zo a 2012 sau huɗu kawai aka doke shi kuma ba ko ɗaya a gidan abokin karawa. In ɗan gabanmu Curtis Samuel ya samu fili ta gefen nan nasu mai rauni, ina ga za mu dawo da ratar tacdawun ɗaya ko fiye. Sau biyu kawai aka taɓa haɗuwa a tarihi, a 1977 sun zo nan sun ci mu 29 da 28 da bugun ƙafa ana daf da tashi, tsofaffin garin nan har yau ba su huce ba, a 1983 mu kuma muka je can muka ci 24 da 14.

Za a fara ƙarfe 7:30 na yamma agogonmu, wato 12:30 na dare a wurinku, kuma yakan ci awa uku da wani abu don ana yawan tsayawa. Auta in Baba ya yarda ka kwana a ɗakin Yaya ku nema a intanet, zan sa maka data ranar Juma'a. Ku lura duka ƙungiyoyin biyu ja ne launinsu, amma mu baƙi ne don haka farar riga za mu sa da hula ruwan toka, kar ku je kuna goyon bayan masu ja.

Umma don Allah in an soya naman a ajiye min nawa a cikin mai, akwai wanda zai taho nan ƙarshen wata Yaya ya san shi, in ya ga ba za a bar shi ya shigo da nama ba to ko yaji da kuka da daddawa sun isa. Goron Sallar yara na tura wa Yaya tun ranar Alhamis, a raba har da 'ya'yan Gwaggo. A gaishe min da Kawu da Inna da Malam liman da duk maƙwabta, in kun je gaisuwar Sallah gidan Kaka gobe ku kira ni ta bidiyo in gaishe ta da bakina, ƙarfe 5 na yammanku ina hutun cin abinci.

Wassalam,
ɗanku na Kolombus