Dokar tsabta ba ta farkawa sai kwalara ta shigo gari

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka tun ruwan farko bai sauka ba, in yi magana kan wata doka da muke da ita a takarda amma ba ma ganinta a titi.

Tun 2 ga Maris 1993 Nijar ke da kundin dokar tsabtar jama'a. Ya taɓo ruwan sha, da shara, da masai, da abincin sayarwa, ya kuma yanka tara ga wanda ya saɓa. Yau fiye da shekara 30 ke nan. To a zaga unguwanninmu na Maradi cikin watan Agusta a gani. Leda ta toshe magudana, ruwa ya kwanta har ya yi kore, mai awara ta girka kaskonta taku biyu daga nan, yara na wasa a ciki suna kai hannu baka. Akwai kuma abin da kowa ya sani amma ba a faɗi: wasu gidajen jira suke a kece da ruwa da dare, su buɗe ramin masai, ruwan sama ya kai wa maƙwabci.

Ina masu duba-gari? Sai an ce amai da zawo ya ɓulla za ka ga an fito da butoci da sabulu, rediyo na ta shelar a wanke hannu. Haka aka yi a 2018, da kwalara ta fara a yankin Madarunfa cikin watan Yuli. Waɗanda aka fara kwantarwa a likitar N'Yelwa daga Jibiya ta jihar Katsina suka zo. Ta sake dawowa a 2021. Ba laifin Katsinawa nake gani ba, kasuwa ɗaya muke ci, auratayya muke yi. Cutar baƙuwa ce, amma mu ta tarar mun yi mata shimfiɗa.

Wasu za su ce a tsananta tara. Ni ban yarda tara kaɗai za ta yi ba. Ingila ta yi dokar lafiyar jama'a tun 1848, duk da haka kwalara ta kashe mutane a Landan a 1854, har likita John Snow ya bi gidajen mamatan ya gano famfo ɗaya suke ɗiba, aka cire hannun famfon. Abin da ya raba birnin da cutar daga baya shi ne manyan magudanan da hukuma ta gina da kuma gyaran ruwan sha. Idan ka ci mai awara tarar jikka biyu alhali babu inda za ta zuba shara a unguwarta, kuɗi kawai ka karɓa, gobe nan za ka same ta.

Kuma mu ba baƙin babban aiki ba ne. Bayan ambaliyar 1945 garin Maradi ɗungurungum aka tayar daga bakin gulbi aka maido shi kan tudu. Yasar magudana ba ta kai wannan ba.

Don Allah ka tura wakilinka ya tambayo mana: masu duba-gari nawa ke aiki a Maradi, wane wata ake fara yasa, kuma kuɗin tarar da ake karɓa ina suke shiga? Ka buga amsar kafin watan Yuni.

Naka,
Wani mai karatu daga unguwar Zariya, Maradi